RAGE ƘIBA DA MOTSA JIKI: DAGA INA ZA A FARA?

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Kankiya shekaru arba'in da suka wuce, ya kuma san shi a yau, zai shaida cewa akwai abin da ya ragu ƙwarai a rayuwar mutanen gari, wato tafiya a ƙasa da aikin ƙarfi. A da, malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ƙafa ko a kan keke yake zuwa wurin aiki. Matan gida kuwa sai sun yi sussuka da surfe da daka, sun kuma ja guga a rijiya, kafin a ɗora tukunyar tuwo. Yanzu ɗan acaɓa na nan yana jira a bakin titin Katsina zuwa Kano, ko da inda mutum za shi bai wuce jifa biyu ba. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa, 'yan garuwa sun karɓi na guga. Babu mai cewa wannan sauƙi ba alheri ba ne. Sai dai cin da ake yi lokacin wahala shi ake yi har yanzu, an ma ƙara masa sukari da mai, jiki kuwa ba ya zubar da rarar abinci, ajiye ta yake yi a matsayin kitse.

A wannan makala za mu duba yadda mutum zai fara gyara wannan al'amari ba tare da sayen magani ko na'ura ba. Amma kafin nan dole mu tantance da wa muke magana, domin ba kowa ne ke bukatar rage nauyi ba. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekaru 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, amma kuma kashi 12 cikin ɗari ramammu ne. A Jihar Katsina, binciken ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Manomin da ya yini yana huɗa da garma a ƙauyukan Kusada, ko mai noman rani da ke kai-da-kawo da bokiti a gefen madatsar ruwa, ba shi da bukatar a koya masa motsa jiki. Maganar rage ƙiba ta fi shafar mai aikin zaune: malami, da tela, da mai tsaron shago, da direba, da uwargidan da ayyukan gida suka koma hannun yara. Ɗalibin sakandare kuwa, da yake jikinsa girma yake yi, motsa jiki ne nasa, ba rage cin abinci ba.

Awo da igiya

Bahaushe ya daɗe yana kallon teɓa a matsayin alamar hutu da wadata, har idan mutum ya yi tumbi sai a ce naira ta zauna. Saboda haka ido ba alƙali ba ne a wannan shari'a, sai an yi awo.

Awon da asibitoci ke amfani da shi ya samo asali ne daga wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet, a shekarun 1830. Ana auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, sannan a raba nauyin da tsawo sau tsawo. Mu ɗauki misalin wani malami mai shekara 45, nauyinsa kilo 88, tsawonsa mita 1.70. Idan aka buga 1.70 sau 1.70 za a sami 2.89. A raba 88 da 2.89, amsa ita ce 30.4. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya sami ƙasa da 18.5 ramamme ne, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce da ta zama abin damuwa. Ke nan malaminmu ya tsallaka layi. A lura cewa waɗannan iyakoki na manya ne, ba a yi wa yaran da ba su gama girma ba hukunci da su.

Wannan awo yana da nakasu guda: bai san bambancin kitse da tsoka ba, don haka yana iya kiran ɗan kokawa mai ƙiba alhali ƙarfi ne a jikinsa. Kuma ba duk kitse ne haɗarinsa ɗaya ba. Wanda ya taru a cinya da ɗuwawu da sauƙi. Wanda ya taru cikin ciki, ya kewaye hanta da hanji, shi ne ke da alaƙa mai ƙarfi da ciwon sukari da hawan jini. Shi ya sa awo na biyu ya fi dacewa da mu, ga shi kuma ba ya bukatar sikeli. A sami igiya ko zare, a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a yanke. A ninka igiyar biyu, a zagaya ta a ciki, ɗan sama da cibiya kaɗan, ba tare da an shanye cikin ba. Idan bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. Idan sun kasa haɗuwa, faɗin ƙugu ya wuce rabin tsawo ke nan, akwai aiki a gaba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sanya wannan mizani na rabin tsawo cikin shawarwarinta a 2022.

Ina kitsen yake tafiya?

Idan aka tambayi mutum goma inda kitse ke tafiya idan an rame, tara za su ce gumi yake zama, ko kuma ya fita ta bayan gida. Duk ba haka ba ne, kuma kan wannan kuskure ne masu sayar da shayin rage tumbi suka kafa kasuwarsu.

Tun a farkon shekarun 1780 wani Bafaranshe masanin sinadarai, Antoine Lavoisier, ya sa wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera cikin akwatin da aka kewaye da ƙanƙara. Ya auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar, ya kuma kwatanta da iskar da take fitarwa. Abin da ya gano shi ne, numfashi wani nau'i ne na ƙonewa a hankali, irin na gawayi a murhu, sai dai babu harshen wuta. Abinci shi ne makamashi. Jiki na haɗa shi da iskar oksijin da muke shaƙa, ya sami ƙarfi da ɗumi, abin da ya saura kuma shi ne ruwa da iskar kabon-dayoksaid.

Kitse ma haka yake ƙonewa. A 2014 wasu masana biyu a ƙasar Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka fitar da lissafin abin: idan jiki ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar kabon-dayoksaid, sauran kilo 1.6 ne kawai ke zama ruwa. Wato dai tumbi ta hanci yake barin mutum. Daga nan mai karatu zai gane cewa wanda ya ɗaura leda a ciki ko ya sa rigar sanyi yana gudu cikin zafin watan Afrilu don ya yi gumi, ruwan jikinsa kawai yake zubarwa, da ya sha moɗa biyu nauyin ya dawo. Shayin da ke sa gudawa ko yawan fitsari shi ma ruwa yake cirewa, wani lokaci har da gishirin da zuciya da ƙoda ke bukata. Ruwan zafi da lemon tsami ba sa narkar da kitse, domin jikin mutum ba kwanon miya ba ne. Haka nan motsa ciki kaɗai, a kwanta a tashi sau ɗari, yana ƙarfafa tsokar ciki amma ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙona. Jiki daga ko'ina yake ɗibar ajiyarsa.

Lissafin shiga da fita

Ana auna makamashin abinci da kalori. Kalori ɗaya, a ma'anar da masana abinci ke amfani da ita, shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya. Giram ɗaya na sukari ko sitaci yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Babban mutum na bukatar kalori kimanin 2,000 zuwa 2,500 a yini, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan jiki na ƙona shi ne ko da mutum na kwance, wajen bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙwaƙwalwa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700.

Mu koma ga malaminmu. Idan ya yi tafiyar minti 30 da ɗan sauri, zai ƙona kalori kimanin 150. Idan ya dawo da ƙishirwa ya sha robar lemo mai sanyi ta rabin lita, ya zuba wa cikinsa sukari giram 50 ko fiye, wato kalori sama da 200. Sai ya yi tafiyar minti 40 kafin ya biya bashin abin da ya shanye cikin minti biyu. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kuma duk wanda ya ga yadda ake kwarara mai a kan garau-garau ko ɗanwake ya san ba cokali ɗaya ake tsayawa ba. Ƙwayar sukari ɗaya kalori 20 ce, ga shi akwai masu cewa mai shayi ya jefa musu shida.

Wannan lissafi shi ke bayyana abin da ke karya gwiwar masu farawa: su yi wata guda suna tafiya, su hau sikeli, su ga allura ba ta motsa ba. Akwai ma ƙarin dalili. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna makamashin da mutanen ƙabilar Hadza ta Tanzaniya ke ƙonawa. Su waɗannan mutane da farauta da tonon saiwa suke rayuwa, suna tafiyar kilomitoci a kullum. Abin mamaki, da aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Masana na ci gaba da muhawara kan fassarar wannan sakamako, amma yana nuna cewa jiki na da dabarar tsimi, idan an ƙara aiki nan sai ya rage kashewa can. Saboda haka mai son rage nauyi ba zai dogara ga ƙafa kaɗai ba, sai ya duba kofi da cokali.

To, a ce malaminmu ya bar lemon kwalba ya koma ruwan randa, ya rage 200 ke nan. Ya mai da sukarin shayinsa daga ƙwaya shida zuwa biyu, ya rage 80. Ya ƙara da tafiyar minti 30, wato 150. Jimla 430 a yini. A raba 7,700 da 430, za a ga kilo ɗaya na bukatar kwana 18. Bai taɓa tuwonsa ba, bai yi yunwa ba, kuɗi ma ya rage kashewa. A takarda zai zubar da kilo shida cikin wata uku da rabi. A zahiri zai fi haka daɗewa, mai yiwuwa wata shida ko fiye, domin yayin da jiki ke raguwa bukatarsa ta makamashi na raguwa.

A ra'ayina kuskure ne a ce wa mutumin Kankiya ko Kusada ya bar tuwo da fura. Gero da dawa, musamman idan ba a surfe dusarsu duka ba, sun fi burodi da farar shinkafa da taliya riƙe ciki. Fura da nono abinci ne mai kyau, sukarin da ake antaya mata ne matsala. Wake da zogale da rama da kuɓewa da yakuwa duk suna cika ciki da kalori kaɗan. Idan malmala uku mutum ke ci da dare, ya mai da su biyu ya ƙara miya, ya wadatar.

Ba za a bar wannan gaɓa ba sai an taɓo ɗaya gefen. Akwai 'yan mata da ke shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi ƙiba, galibi maganin deksametason ne. Kumburin fuska da tara ruwa yake kawowa, tare da haɗarin hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi.

Ladan ƙafa

Idan tafiya ba ta rage nauyi da yawa, me ya sa za a wahala? Amsar ta fito ne daga motocin safa masu bene na birnin Landan. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi kan ma'aikatan sufuri kimanin 31,000. Direba da kwandasta mota ɗaya suke yini, albashinsu da zamansu kusan iri ɗaya, sai dai direba zaune yake, kwandasta kuwa yana hawa da sauka daga bene yana karɓar kuɗi, ya taka matakala ɗaruruwa a yini. Morris ya gano ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kisa.

Dalilin haka sananne ne a yau. Tsokar da ke aiki tana zuƙar sukari daga jini, tana kuma ƙara jin umarnin insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofar ƙwayoyin jiki. Zuciya ita ma tsoka ce, da horo take ƙarfi. Jijiyoyin jini na saki, matsin jini ya ɗan sauka, barci ya gyaru. Duk wannan na samuwa ko da sikeli bai nuna komai ba.

Idan kuma aka haɗa tafiya da ɗan rage nauyi, sakamakon na da girma. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, an ɗauki mutum 3,234 waɗanda sukarin jininsu ya hau amma bai kai ciwon sukari ba. Wasu aka ba su maganin metfomin, wasu aka nemi su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Bayan kimanin shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin ɗari, sauyin ci da tafiya kuwa ya rage da kashi 58. Kashi 7 cikin ɗari na kilo 88 shi ne kilo shida da muka lissafa. Ba a nemi malaminmu ya koma kamar yadda yake ranar aurensa ba.

Yadda za a fara

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce babba ya motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Yara masu shekaru 5 zuwa 17 kuwa, awa ɗaya a kullum. Minti 150 shi ne minti 30 sau biyar, kuma an yarda a tsinka shi, goma da safe, goma da rana, goma da yamma. Matsakaici na nufin numfashi ya ɗan ɗaga, mutum na iya hira amma ba zai iya rera waƙa ba. Wannan ya yi daidai da taku ɗari a minti ɗaya. Batun taku 10,000 da wayoyin hannu ke nunawa kuwa, asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ne da aka fara sayarwa a Japan a 1965. Wani bincike kan tsofaffin mata a Amurka a 2019 ya ga amfani tun daga taku 4,400 a yini.

Wanda ya yi shekaru bai motsa ba, kada ya fara da gudu ko ƙwallo da samari. Zafin nema ba ya kawo samu. Tsamin jiki zai kwantar da shi kwana uku, daga nan ya ce abin ba nasa ba ne. Ya fara da minti goma, ya ƙara biyar duk mako. Ya fi kyau a liƙa tafiyar ga abin da dole ake yi kullum: zuwa makaranta ko kasuwa, dawowa daga masallaci ta hanya mai nisa, ko sauka daga acaɓa tun kafin a iso. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ne lokacin tafiya, kuma cikin gari, inda akwai jama'a. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki.

Matan da ba sa yawan fita ba a bar su a baya ba. Zagaya tsakar gida na minti goma tafiya ce. Shara da wanki da daka duk aiki ne, kuma uwargidan da ta karɓi taɓarya daga hannun 'yarta na ɗan lokaci ba ta faɗi ba. Zama a kujera da tashi sau goma ba tare da dafa hannu ba yana ƙarfafa cinya da gwiwa. Zuwa barka ko gaisuwa a cikin unguwa a yi shi da ƙafa. A makaranta kuwa, langa da kokawa da gaɗa da tsallen igiya ba sa bukatar sisin kwabo, illa dai malamai su daina mai da darasin wasanni lokacin kwafar rubutu.

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai shan maganin sukari, da mai juna biyu, su nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna. Mai cutar sikila ya guji aikin da zai galabaitar da shi, ya kuma yawaita shan ruwa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya ya tsaya nan take. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya sauya komai ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari da ya wuce mako biyu, kada ya yi murna. Ya je Babban Asibitin Kankiya ko cibiyar lafiya mafi kusa a gwada shi.

Aiki a aji

Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibai gaskiyar wannan darasi cikin minti arba'in. Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta ɓangaren babban yatsa, ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu. Yawanci za a samu tsakanin 60 da 100 a minti. Sai a fita a yi ta hawa da sauka a dakalin aji na minti uku, a sake ƙirgawa nan take, a kuma sake bayan hutun minti biyu. A rubuta alƙaluman uku a allo ba tare da sunaye ba, kada a mai da jikin wani abin dariya. Idan akwai ruwan kalsiyom-haidiroksaid a ɗakin gwaji, a zuba daidai wa daida a kwalabe biyu. Ɗalibi ɗaya ya hura ta farko da tsinken shan lemo kafin ya motsa, ya hura ta biyu bayan ya gama hawa dakali, wani kuma na riƙe da agogo yana duba wadda ta fi saurin komawa fara kamar an ɗiga mata nono.